Aiki Daga Gida

Bari in fara da faɗin gaskiya, Abba, tun kafin wani ya riga ni ya ƙara mata gishiri: ni ne na kusa kwashe mutanen gidanmu kaf daga Libreville in zube su a Kano, kuma da kalma ɗaya na yi wannan aika-aika. Ban yi sata ba, ban fasa wa kowa kai ba. Tambaya aka yi mini a shago ina cin burodi, na ba da amsa bakina a cike. Na san za ka ce wane irin tarihin rayuwa ne yaron da ko gemu bai tsayar ba zai rubuta. To ni dai a ganina na tsufa. Na kusa gama lise, wato babbar sakandare, na ga abubuwa, gwiwata ta hagu ma har ƙara take yi idan hadari ya haɗo. Kai yanzu ko zama ba ka iya ba, amma wata rana za ka girma ka tambayi dalilin da ya sa aka haife ka a ƙasar da ba ta ubanka ba, ba kuma ta kakanka ba. In ka tambayi Yaya Nasiru, wato babanka, zai ce maka tunani ya yi ya zaɓa. In ka tambayi Umma za ta ce nufin Allah ne. Duka gaskiya ne. Amma ni ne a tsakiyar maganar, gara ka ji daga bakin mai ita.

Abin da ya kamata ka fara sani game da kakanka, wanda muke kira Baba, shi ne bai taɓa kiran gidanmu gida ba. Ya baro Kano yana saurayi, ya kafa shagonsa a Nzeng-Ayong tun unguwar tana rabin daji, ya yi aure, ya haifi Yaya, ya haife ni, duk a ɗakunan da ke bayan shagon nan. Amma in an idar da salla sai ka ji ya ce, ku tashi mu koma masauki. Masauki! Kamar jiya mota ta sauke mu. Gida a bakin Baba wuri ɗaya ne tak a duniya, yana wani lungu a cikin birnin Kano. Komai na can ya fi na nan. Albasar gida ta fi yaji, naman gida ya fi zaƙi, har ruwan sama ma, wai na gida yana da kunya, ya zo ya tafi, ba irin na Gabon ba da zai sauka a kanka kamar ka ci masa bashi. Mu kuwa da aka haifa a nan, Faransanci muka yi a makaranta, taksin Libreville muka sani, kuma zuwanmu Kano na ƙarshe 'yan uwa zagaye mu suka yi suna sa mu magana don su sha dariya, saboda na ce a miƙo mini kwiyer maimakon cokali. Har muka dawo sunana Kwiyer a gidan Baffa Sule, ƙanin Baba.

Shi Yaya Nasiru a shekarar nan ya bar zuwa ofis. Ya koma ɗaki da kwamfutarsa yana gina wa mutane shafukan intanet: mai ɗan otal a Faransa, mai sayar da kekuna a Beljiyam, wata mata mai gasa burodi a wani garin da ko sunansa ba na iya faɗa. Kowa maigidansa ne, kuma babu wanda yake maigidansa. Ya toshe kunnuwa, ya sa riga mai kyau daga sama, daga ƙasa kuma gajeren wandon da ya kwana da shi, yana ta yi wa bango murmushi yana cewa wi madam. Ana cikin haka sai a ɗauke wuta. Wallahi na taɓa ganin Yaya ya ruga titi da kwamfuta a hannu yana neman inda intanet ya rage, kamar mai neman inuwa a tsakar rana. Ga tsadar gari. Tumatir a kasuwarmu sai ka gaishe shi da ladabi kafin ka tambayi kuɗinsa. Ga matarsa, Anti Zainab, wato mamanka, tana ɗauke da cikinka, ɗakinsu kuwa in mutum ya yi miƙa sai ya taɓa bango biyu. Ya je neman haya wajen unguwar Cocotiers ya dawo ya kwanta kamar wanda aka yi wa rasuwa. Abin da ya fi ci masa rai kuma shi ne takardar zama. A nan aka haife shi, amma in lokacinta ya yi sai ya je ya bi layin sabuntawa tare da wanda ya sauka daga jirgi makon jiya.

Shi ya sa ya fara tunanin tashi. Tun da aikinsa a cikin jaka yake, ko'ina ya buɗe ta nan ne ofis. Kullum bayan la'asar sai mu taru a ɗakinsu mu uku muna zaɓen ƙasa kamar masu zaɓen atamfa. Ni Fotugal nake wa kamfe, saboda ƙwallo, na kuma riga na yanke shawarar cewa ni ne zan raka su a matsayin mai ba da shawara. Yaya yana duba Kigali, wai garin a share yake har ana iya shanya wanki a kan titi. Yana duba Dakar, yana duba Maroko, har da wani tsibiri wai shi Moris wanda ko a taswira sai an sa tabarau ake ganinsa. Ita Anti Zainab tambayarta ɗaya ce: akwai kuka da daddawa a can? Abu ɗaya dai muka yarda a kai, kada Baba ya ji sai Yaya ya tsayar da magana, ya kuma sami ranar da fuskar tsohon take a sake.

Shi kuwa Baba ashe nasa tunanin daban yake yi. Ya ga ƙato ya daina fita, yana magana shi kaɗai a ɗaki, kuɗi kuma yana shigowa ba a ga kayan da aka sayar ba. A masallaci ana ta labarin samarin da ke damfarar mutane ta waya. Wata ranar Asabar ina taya shi tsaron shago, na yanka burodi na shafe shi da bota fiye da yadda ake shafa wa masu saye, sai ya juyo.

"Kai Auta. Tsakaninka da Allah, me yayanka yake yi a ɗakin can?"

"Aiki, Baba."

"Aikin da ba a wanka a fita? Wa ya ɗauke shi?"

Nan ne Shaiɗan ya zauna a kan harshena. Na ga in na ce mai keke da mai burodi, darajar Yaya ta zube. Sai na gyara zama.

"Wani katafaren kamfani ne a Faransa, Baba. Gininsu ya fi filin jirgi. Mutum dubu suka gwada, Yaya kaɗai ya ci. Shi ne suka ce ba sai ya zo ba, daga gida zai riƙa yi musu aiki."

Baba ya ajiye mudun shinkafar da ke hannunsa.

"Daga ina?"

"Daga gida."

"Su Turawan ne suka ce gida?"

"Da bakinsu. Sharaɗi ne ma, in ba daga gida ba ba su yarda ba."

Ya juya ya kalli titi. Can ya ce, "Ikon Allah." Sannan ya ce in ƙara bota. Tun da nake Baba bai taɓa cewa a ƙara bota ba, amma ni da ƙwaƙwalwar kifi sai na ɗauka daɗin bayanina ne ya kama shi. Abin da malaminmu ke kira teletrabay da Faransanci, wato aiki ba tare da zuwa ofis ba, shi na fassara masa, na kuma ji daɗin yadda Hausata ta fita tsaf. Ko kusa bai zo mini ba cewa na faɗi kalmar da a kunnen Baba hanya ɗaya take nunawa.

Daga ranar Baba ya sake. Yana alwala yana ɗan waƙe-waƙe a maƙogwaro. Ya sayo babban kifi daga bakin teku ba salla ba suna. In ya haɗu da Yaya a tsakar gida sai ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya yi maka albarka, ya wuce, bai ƙara komai ba, don a ganinsa yaro yana shirya masa albishir ne, bai kamata babba ya riga shi ba. Yaya ya zo yana ce mana, kun gani, tsohon ya fara fahimtar zamani. Ashe Baba ya riga ya kira Baffa Sule ya ce a nemo kafinta a rufe gidan da ya fara ginawa a Kano tun kafin a yaye ni, wanda bangonsa ya daɗe tsaye ƙadangaru suna mulki a ciki. Kuma ya faɗa wa mutum ɗaya a masallaci, a asirce. Kai ma in ka girma za ka san abin da asiri yake nufi a masallacinmu.

Ka san al'adarmu a nan, in an ji mutum zai tafi gida ba a barinsa ya tafi hannu sake. Kowa yana da uwa ko ƙanwa ko tsohon aboki da zai aika wa saƙo. Wanda ya fara zuwa shi ne Malam Idi, wani tela ɗan Maraɗi mai shago a Oloumi, aminin Baba. Ya yi sallama da sassafe da jaka a kai, ya tarar da Yaya yana goge baki a bakin famfo.

"Nasiru, barka da asuba. Na jiya ana shirin tahiya gida. Ga ɗan saƙo, in kun isa Kano a sa shi motar Maraɗi."

"Wane gida, Malam?"

"Kai ji yaro! Gida nawa gare ku?"

Kafin azahar an kawo jaka ta biyu da ta uku. Kafin magariba tsakar gidanmu ta koma tasha: sabulai, turamen atamfa, gwangwanayen kifi, ƙaron itacen okume da tsofaffi ke turare da shi, har da wata tsohuwa da ta kawo fanka wai a kai wa jikanta a Fagge. In na ce maka sai da muka riƙa tsallake kaya kafin mu shiga banɗaki, to wannan karon ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Umma ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon jakunkunan. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta dai juyo a hankali, kamar fankar tsohuwar nan, har idonta ya tsaya a kaina.

"Auta, zo nan. Me ka faɗa wa mahaifinku?"

Na maimaita mata. Na rage ginin da ya fi filin jirgi, na rage mutum dubu, amma kalmar nan ba ta raguwa. Anti Zainab ta toshe baki da mayafi tana dariya har da hawaye. Yaya kuwa bai yi dariya ba. Ya zauna a kan buhun saƙon wani, ya riƙe kai.

Umma ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, sai dai ta yi magana da iska a gefensa. Ta ce, "Tun da aka kawo ni garin nan ban taɓa jin mutumin nan yana waƙa ba sai makon nan. Ya ɗauka ɗansa zai kama hannunsa ya mai da shi. Ni inda ya sa ƙafa nan nake sawa. Amma ba za a kai shi Kano da ƙarya ba, ba kuma za a bar shi ya ji gaskiya a bakin 'yan masallaci ba."

Da Yaya ya ɗago sai ya ce, "To ko in tafi Kanon ne kawai? In na sa sola na sayi intanet mai kyau, aiki zai yiwu. Mai keke bai damu da inda nake ba." Ya dubi Anti Zainab, wadda dariyarta ta riga ta tsaya. Ita ma a nan aka haife ta, Faransanci ta yi, ba ta san kowa a Kano ba. Ya ce, "Aiki dai na san zan iya a can. Zaman ne ban sani ba."

Na hango kaina a gidan Baffa Sule, ana kirana Kwiyer har in yi furfura. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba, ko da yake ya dame ni ƙwarai. Fuskar Yaya ce. Ya yi kama da wanda ya riga ya sa hannu.

Umma ta ce, "Ba wanda zai yanke komai tukuna. Bakin da ya ɗaura shi zai kwance." Ta nuna mini ƙofar shago da muciya.

Washegari da rana aka tsuge da ruwa, irin wanda ke hana ko kare fita. Ba mai saye, daga ni sai Baba sai ƙarar kwano. Na share shagon da ba ya bukatar shara. Na jera gwangwanayen madara, na rushe, na sake jerawa. Daga ƙarshe na durƙusa a gefen kujerarsa na faɗa masa komai: babu katafaren kamfani, sai mai otal da mai keke da mai burodi, kuma aikin halal ne. Babu wanda ya ce Kano. Da na ce gida, ɗakin da ke bayan shagon nan nake nufi. Na kuma faɗa masa, tun da na riga na jiƙe, cewa Yaya yana son tashi daga Gabon, amma ba Kano yake dubawa ba.

Na shirya wa mari. Na ma karkatar da kuncin da ya fi ƙwari. Baba bai motsa ba. Wani yaro ya shigo a jiƙe ya sayi ashana, Baba ya ba shi, ya ba shi canji, ya ce ya gaida mamansa. Sannan ya dubi ƙofar da ke shiga tsakar gida.

"Nan ɗin ne gida a wurinku?"

"Baba, a bayan kicin ɗin nan aka binne cibiyata. Umma ta nuna mini wurin."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Ashe ni kaɗai ne baƙo a cikinku." Bai faɗa da fushi ba. Kamar mutum ne ya duba aljihu ya ga abin da yake zaton yana ciki ba ya nan. Na so a ce marin ya yi.

Kwana biyu ba waƙa a wurin alwala. Ranar Juma'a bayan an sauko ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tsakanin jakunkunan mutane, ya kira Yaya. Umma ta zauna a bakin ƙofa, Anti Zainab tana bayan labule saboda surukuta, ni kuma ba a kira ni ba, ba a kuma kore ni ba, sai na ɗauki hakan a matsayin gayyata. Yaya ya riga shi magana. Ya ce ya yi tunani, in Baba yana son Kano, to Kano za a tafi.

Baba ya ce, "Ni ubana bai zaɓa mini Gabon ba. Da ya zaɓa mini, da yanzu ina kasuwar Kurmi ina auna barkono. Ba zan ɗauke ka in kai ka inda za ka riƙa kallon ƙofa ba. Na san yadda kallon ƙofa yake. Faɗi ƙasashen naka mu ji."

Yaya ya gyara murya. "Akwai Fotugal. Wuta ba ta yankewa, intanet kamar ruwan famfo."

"Wa ka sani a can?"

"Ba kowa. Amma ana kama ɗaki ta waya tun kafin a sauka."

"Albarka."

Kada ka ɗauka ya sa albarka ne, Abba. Wannan albarkar 'yan kasuwa ce, wadda mai kaya ke faɗa in an yi masa tayin da bai kai ba. Ma'anarta ƙara ko ka wuce. Haka Fotugal ɗina ta faɗi a zagayen farko, ko ƙwallo ba a taɓa ba.

"Kigali fa? Gari ne mai tsabta da tsari."

"Tsabta za ta raɗa wa ɗanka suna? Albarka. Bahaushe ba ya sauka a garin da ba shi da mai masauki. In matarka ta haihu wa zai zo mata? In ka kwanta ciwo, ko ta Allah ta kasance, kwamfutar ce za ta yi maka wanka?"

Dakar ta faɗi, Maroko ta faɗi. Tsibirin nan kuwa Baba cewa ya yi duk ƙasar da in rigima ta tashi sai an iya iyo kafin a gudu, ba ƙasa ba ce. Sai shi ma ya fara nasa tayin. Ya ce Duwala, yana da mutane a can kamar ƙasa. Yaya ya ce ai layin takardar zama ne zai sake bi, daga wannan layi zuwa wancan. Ya ce to Yamai. Yaya ya ce zafin can kwamfutar ma dahuwa za ta yi, in kuma wuta ta tafi yana tsakiyar magana da mai otal, ba wanda zai jira shi. Baba ya buɗe baki zai kawo wata, sai Yaya ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Albarka, Baba." Umma ta juya fuska bango kafaɗunta suna rawa don dariya. Baba ma sai da gefen bakinsa ya motsa.

Haka suka yi ta yi har inuwa ta juya. Duk inda intanet yake babu mutane, duk inda mutane suke babu wuta. Na fara tunanin ƙarshenta a duniyar wata za a sauke su. Sai labule ya motsa. Anti Zainab ba ta magana a gaban Baba, don haka ta raɗa wa Umma, Umma ta faɗa da ƙarfi.

"Wai ta ce Kotono fa? Gwaggonta tana aure a Zongo."

Labule ya sake motsi.

"Wai ta ce Faransanci suke yi, kuma da fasfo ɗin Najeriya ba a neman biza."

Labule ya motsa na uku.

"Wai akwai kuka."

Baba ya tambayi sunan mijin gwaggon. Da aka faɗa sai ya ɗaga gira. Ashe tare suka taɓa kwana a tasha suna samari, lokacin kowa yana neman inda zai dosa, shi ya yi yamma Baba ya yi kudu. Yaya ya jawo wayarsa ya yi 'yan dube-dube, ya ce wutar can ba ta kai ta Turai ba amma da ɗan batir zai rayu, intanet ya wadatar, haya ta fi sauƙi, kuma agogonsu ɗaya da na nan. Ba ita ce ƙasar da ya yi mafarki ba, na gani a fuskarsa. Amma bai ce albarka ba.

Baba ya ce, "Daga can mota tana zuwa Kano?"

"Tana zuwa, Baba."

"To na sallama." Ya miƙa masa hannu kamar an gama cinikin buhun shinkafa. Sannan ya riƙe hannun bai saki ba, ya ce, "Allah ya sa albarka." Wannan karon ta gaskiyar ce.

Yaya ya ce, "Baba, ku ku koma mana, kai da Umma. An kusa gama rufin. Ni zan riƙe ku daga inda nake, Auta ya gama karatu a wurina."

Baba ya girgiza kai. "In koma in zauna da wa? Waɗanda na bari rabinsu suna ƙasa, sauran ba za su gane ni ba sai an yi musu bayani. Ba ginin nake so ba. Da kai na so in shiga lungun nan, a ce ga abin da ya samo a Gabon." Ya tashi ya naɗe tabarmarsa da kansa, ya ce lokacin la'asar ya yi.

Hukuncina kuwa Umma ce ta yanke: duk jakar da aka kawo, ni zan mai da ita ƙofar mai ita, in kuma yi bayani da bakina. Na zaga Nzeng-Ayong da kaya a kai har direbobin taksi suka fara ɗauka sana'ata ce. Na je Oloumi na mai wa Malam Idi tasa, ya saurare ni har ƙarshe da allura a baki, sannan ya ce da ni ɗan Faransa, Allah ya shirya. Tsohuwa mai fanka ta ƙi karɓa, wai ai ta riga ta gaya wa jikanta, sai da na koma sau biyu. Shi kuwa Baba, a masallaci abin da ya faɗa bai wuce kalma biyar ba: tafiyar ba ta yi ba. Ba wanda ya ƙara tambayarsa.

Yaya da Anti Zainab sun tashi kafin azumi. Da safen da za su tafi Baba ya yi musu addu'a a tsaye a ƙofar shago, ya ce ba zai je filin jirgi ba, don shago ba ya zama babu kowa. Ni da Umma muka raka su. Da muka dawo bayan la'asar muka tarar da shi a kujerarsa yana auna wa wata mata shinkafa, kamar kullum. Maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa 'yar Gabon mai soya ayaba a gefenmu, ta kira ni gefe ta tambaya ko lafiya, don tun da taksinmu ya sha kwana Baba ya ja ƙofar shago ya kulle daga ciki, bai buɗe ba sai ɗazun nan, abin da ba ta taɓa gani ba tun da take unguwar.

An haife ka a Kotono, mijin gwaggo ne ya raɗa maka suna, sunan Baba. Yaya yana can har yau yana yi wa bango murmushi. Gidan Kano an gama rufinsa, Baffa Sule ya zuba 'yan haya. Baba bai koma ba.